Jinya a Gefen Gado: Abin da Nas Take Dubawa

Assalamu alaikum, masu kallo. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, kamar kowane asibiti, likita yakan zaga ya duba mara lafiya ya wuce gado na gaba. Nas da ɗan'uwan da ke jinya su ne ke kwana da shi. Shi ya sa nake so mai jinya ya san abin da nas take dubawa.

Aikin farko shi ne lura. Tana auna zafin jiki, wanda ga mai lafiya yake kusan digiri 37. Bugun zuciyar babba 60 zuwa 100 ne a minti ɗaya, numfashi 12 zuwa 20, awon hawan jini kuma wajen 120 bisa 80. Tana rubuta su a takardar mara lafiya domin a ga inda ciwon ya dosa. Ku kula da numfashi sosai. Idan mara lafiyar, a ce Baba ne, ya fara haki yana kwance, ko maganarsa ta rikice, a kira nas nan take, kar a ce sai gari ya waye.

Yanzu ga abin da ya fi damuna: gyambon kwanciya. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye ba ya iya juya kansa. Nauyinsa yana danne fata a kan ƙashi, jini ya daina kai wa wurin, naman ya fara mutuwa daga ciki. Ku dubi wuraren nan: ƙasan gadon baya, gefen ƙugu, dunduniya, kafaɗa da ƙeya. A juya shi duk bayan awa 2, har da dare. A sa matashi tsakanin gwiwoyinsa, wani a ƙarƙashin ƙwaurinsa don dunduniya ta bar katifa. Zanin gado ya zama busasshe, a miƙe, ba burbushin abinci. A baƙar fata irin tamu ja ba ya fitowa sosai, sai dai ka ga wurin ya ƙara duhu, ka taɓa ka ji ɗumi ko tauri. Kar a murza shi da man zafi, a ɗauke masa nauyi a nuna wa nas.

Kafin ka taɓa shi, ka yi masa magana: "Baba, sannu, zan juya ka ɓangaren dama." Ja labule, rufe masa jiki. Ko ba ya iya amsawa, sau da yawa yana ji, kuma dattijo ne mai mutunci.

Hannu kuwa, a wanke da sabulu da ruwa na daƙiƙa 40 zuwa 60, kafin taɓa shi da bayan an ɗauke fo. Bauchi na cikin jihohin da zazzaɓin Lassa ya fi kamawa, kuma ana ɗaukarsa ta jini, fitsari da aman mara lafiya, don haka a sa safar hannu.

Wajen ba da kunu, a zaunar da shi sosai, a ba shi cokali-cokali, a bar shi a zaune kamar rabin awa bayan ya gama. Idan yana tari ko ƙwarewa, a dakata, don kunun na iya gangarawa huhu ya jawo ciwon nimoniya. Ƙarin ruwa kuma, kar ka taɓa maɓallinsa. Idan ya tsaya, ko hannun ya kumbura, kira nas.