Lacca: Mawaƙan Amurka na farko da aka ɗauki muryarsu aka kuma manta da su

Assalamu alaikum. Shugaban zama, malamai, ɗalibai, iyayenmu mata da ke can baya, barkanmu da yamma. Na baya kuna ji na? To madalla.

Abubuwa uku zan taɓo: yadda ake ɗaukar murya a Amurka tun daga wajen 1890, yadda kamfanoni suka yi da mawaƙan, sai yadda faya-fayan kansu suka salwanta. Abin da nake so ku tafi da shi shi ne, yawancin mawaƙan da aka manta sun iya waƙa ƙwarai. Na'ura da kasuwa ne suka binne su.

Na farko. Akwai wani mutum, George W. Johnson. Ku rubuta sunan nan. An haife shi cikin bauta a jihar Virginia a 1846, daga baya ya koma New York yana yin fito a titi da tashar jirgin ruwa, masu wucewa suna jefa masa kwabbai. Fito na baki nake nufi, irin wanda kaka ke hana yaro yi da dare. (Dariya.) A 1890 masu kamfanin na'urar ɗaukar murya suka ji shi, suka kai shi ɗakin ɗauka. Shi ne baƙar fata na farko da ya yi fice a wannan sana'a, kuma zuwa 1895 waƙoƙinsa biyu suna sahun gaba a kasuwar Amurka. Ɗaya ta fito ce, sunanta ma zagi ne ga baƙar fata, kuma haka ya riƙa rera ta don abinci. Ɗayar ta dariya ce, amshinta ƙyalƙyala dariya kawai a kan kiɗa.

To me ya sa mai fito? Ku dubi na'urar. A lokacin babu faifai a kasuwa tukuna, sai wani abu mai siffar gwangwanin tumatir, tsawonsa inci 4 da ɗoriya, da kaki mai launin ƙasa aka yi shi, yana ɗaukar minti 2. Babu lantarki, babu makirfo. Mawaƙi zai tsaya gaban ƙaho, muryarsa ta bi ta cikinsa ta bugi wani siririn tantani na gilashi, tantanin ya motsa allura, allurar ta yi ta sassaƙar kakin sama da ƙasa yayin da yake juyawa. Ƙarfin huhun mutum kaɗai ke tura allurar nan. Saboda haka sauti mai kaifi shi ke kamawa: fito, dariya, ƙahon badujala, banjo. Goge ba ya fitowa sosai, murya mai taushi ta ɓace, sauti mai kauri irin na babbar ganga kuma sai ya sa allura ta yi tsalle ta lalata aikin. Idan mawaƙi zai ɗaga murya dole ya ja da baya, in zai sassauta ya cusa kansa kusa da bakin ƙahon. Fiyano kuwa a kan dakali ake ɗora ta, a cire murfin bayanta, don sautin ya daidaita da tsayin ƙaho.

Tunda na ambaci banjo, bari in ɗan ratse. Asalinsa molon ƙwarya ne da bayi 'yan Afirka ta Yamma suka riƙa haɗawa a tsibiran Karebiyan da Amurka, dangin su gurmi da molo ke nan. Amma a zamanin da nake magana, waɗanda aka fi ɗauka suna kaɗa shi a na'ura Turawa ne, irin su Vess Ossman. Mu koma.

Ga inda abin yake. A farkon shekarun 1890 ba a iya kwafar gwangwanin nan yadda ya kamata. Ba a iya kwafa! Wanda ka saya, shi ne wanda mawaƙin ya rera a gabansa. Dabarar da suka yi ita ce jera na'ura 3 ko 4 a gabansa, ƙahonninsu duk suna fuskantar bakinsa. 'Yan badujala da yake suna da ƙara, ana iya jera musu wajen 10. A tayar da su lokaci guda, wani ya faɗi sunan waƙa da na kamfani, a rera, a tsayar, a cire, a sa sababbi, a sake daga farko. Ku yi lissafi da ni: in ana samun 4 a kowace rerawa, kafin a tara 1,000 sai an rera sau 250. Johnson yakan rera waƙa ɗaya sau 50 ko fiye a yini, ana biyansa santi 20 a kowace rerawa. Kuma waƙar dariya ce fa. Mutum ya yi dariya da safe, ya yi da azahar, ya yi da la'asar, kuma ta hamsin ta fito da daɗi kamar ta farko, in ba haka ba a kankare kakin a sake. Ɗalibai, wannan aikin ƙarfi ne. An ƙiyasta cewa zuwa 1895 an sayar da tsakanin 25,000 da 50,000 na waƙoƙinsa, akasari ga masu injin da ake jefa wa santi 5 a sa robar saurare a kunne.

Sai fasaha ta ci gaba, kuma ci gaban ne ya karya shi. An fara da wata na'ura mai bin sawun allura tana kwafa zuwa wani gwangwanin, sannan a 1902 kamfanin Edison ya fito da zubi: a yi uwa guda ta ƙarfe, a riƙa zuba kaki a ciki ana fitar da dubbai. Mawaƙi ya rera sau ɗaya an gama da shi, kuma ba shi da kaso a cinikin. Johnson ya ƙare yana tsaron ƙofa a ofishin abokinsa mawaƙi Len Spencer. Ya rasu a 1914, aka binne shi a maƙabartar Maple Grove da ke unguwar Queens ta New York ba tare da alama ba. Sai a 2014 aka sa masa allo. Shekara 100 cif.

Shi kakin kuma fumfuna na cinye shi, zafi na fasa shi, kowace saurarawa tana goge shi. Takardar suna a cikin kwali take, in ta ɓace shi ke nan.

Shugaba yana nuna mini agogo. Na biyu, da sauri. A watan Agusta 1920 mawaƙiya baƙar fata Mamie Smith ta yi wa kamfanin OKeh waƙar da ta nuna cewa baƙaƙen fata ma masu sayen faifai ne, kamfanoni suka bazama Kudu neman mawaƙa. Ita ma da ta rasu a 1946 kabari marar alama ta samu. Ɗaya daga cikin kamfanonin, Paramount, na masu ƙera kujeru ne a jihar Wisconsin. Faifai suke yi don a sayi akwatin garmahonsu. Haɗinsu mai arha ne, sabon faifai ma yana ƙara kamar ana suya. A garin Grafton suka ɗauki Geeshie Wiley da L. V. Thomas a wajen 1930, mata biyu da jita, waƙa 6 kacal a faifai 3, kwafin da suka rage a duniya 'yan ƙalilan ne. Na huɗu… a'a, na uku ko? To na uku. Tattalin arziki ya karye a 1929, cinikin faifai ya faɗo daga sama da miliyan 100 a 1927 zuwa kusan miliyan 6 a 1932, shekarar da Paramount ya daina ɗauka. Uwayen ƙarfe da yawa an sayar da su a matsayin jari-bola. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, shalak ɗin da ake yin faifai da shi daga Indiya yake zuwa, a 1942 gwamnati ta taƙaita shi, aka riƙa tara tsofaffin faya-fayai ana niƙewa ana yin sababbi. Buddy Bolden na New Orleans kuwa, wanda ake dangantawa da farkon kiɗan jaz, ko sauti ɗaya nasa babu. Akwai Arizona Dranes, makauniya mai fiyano, akwai DeFord Bailey mai busa harmonika… lokaci. A yi tambaya.

(Wata daga cikin masu sauraro: Allah gafarta Malam, akwai faya-fayan garmaho na marigayi mahaifinmu a cikin akwati, sun yi ƙura. Mu goge su da sipirit?)

A'a Hajiya, don Allah kada ku yi! Allah Ya jiƙansa. Shalak ƙaro ne da wani ƙwaro ke fitarwa a jikin bishiya, kuma sipirit narkar da shi yake yi, layin waƙar ya tafi har abada. Ruwa mai tsabta, ba mai zafi ba, da ɗigon sabulun ruwa. A sa buroshi mai laushi a bi layin a zagaye, kada a jiƙa takardar tsakiya, a ɗauraye, a jingine a inuwa ya kwana ya bushe sarai. In kuka ga wanda fatarsa ke ɓarewa ana hango ƙarfe ko gilashi a ciki, wannan ko ruwa kada ya taɓa shi. A ajiye su a tsaye cikin rigar takarda, nesa da kwanon rufi da rana, domin zafi na lanƙwasa su.

Kada kuma a sa su a tsohon garmahon wani. Kansa ya fi giram 100, allurar ƙarfensa ta fuska ɗaya ce a jefar, in an maimaita ta sai ta zama wuƙa. A nemi na zamani mai juyi 78 a minti, da allurar da aka yi don irinsu, mai kaurin kusan kashi 3 cikin 1,000 na inci. Allurar faifan zamani siririya ce, takan faɗa ƙasan layin ta jiyo datti kawai. A kunna sau ɗaya a ɗauka a kwamfuta.

Kafin ma duk wannan, Hajiya, ku sa yaro ya ɗauki hoton takardar kowane faifai gaba da baya. Sannan ya karkata shi ga haske: tsakanin takardar da ƙarshen layi akwai wata lamba da aka buga a jikinsa, lambar uwar faifai ce. Da ita masu bincike ke gano kamfani, gari da lokacin da aka yi ɗaukar, ko da takardar ta goge. Ya rubuta su duka a littafi guda, kowace lamba da sunan mawaƙinta a gefe.