Lacca: Mutumin da Mota ke Tayar wa da Sha'awa

Assalamu alaikum. Jama'a, barkanmu da haɗuwa. Na ga wasu sun fara murmushi tun kafin in buɗe baki. Ba laifi, a yi dariyar a gama, domin batun namu na yau shi ne mutumin da mota ke tayar wa da sha'awa, irin wadda ke tsakanin namiji da mace.

Masu wannan hali 'yan kaɗan ne ƙwarai. Amma kayan da aka gina halin da su suna nan cikin ƙwaƙwalwar kowa a zauren nan, kuma su nake so mu duba.

Ku tsaya gaban mota ku ƙura mata ido. Ga fitilu biyu, ga raga a tsakiya, ga bamba a ƙasa. A 2008 Sonja Windhager da abokan aikinta a ƙasar Ostiriya suka nuna wa mutane hotunan gaban motoci, sai ga mutane suna cewa wannan ta ɗaure fuska, wannan mai izza ce, waccan kamar jaririya. Daga baya suka maimaita gwajin a karkarar Habasha, inda ba a saba da tallar mota ba, hukuncin ya zo kusan ɗaya. Tun a shekarar 2000 ma Isabel Gauthier ta nuna cewa ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke gane fuskoki yana motsawa idan ƙwararren masanin motoci na kallon mota. Abin da kuwa aka ga yana da fuska, ba wuya a ba shi suna, a yi masa magana, a ji kewarsa.

Sai batun gudu, kuma nan zan ɗan daɗe. A 1974 Donald Dutton da Arthur Aron suka je gadar Capilano da ke kusa da Vancouver a Kanada, gada ce ta igiya mai lilo a kan kwazazzabo mai zurfi. Suka sa wata budurwa ta riƙa tare mazan da ke tsallakawa, ta yi musu tambayoyi, ta ba su lambar waya. Suka yi haka nan a wata gada mai ƙwari da ke ƙasa-ƙasa. Mazan gadar lilo sun fi kiranta. Me ya faru? Tsoro ya sa zuciya dukan uku-uku, numfashi ya yi sama, sai ƙwaƙwalwa ta waiwaya neman dalili, ta ga mace a tsaye, ta ce ai ita ce. Masana na jayayya kan wannan fassara har yau, amma ni ina ganin tana da ƙamshin gaskiya. To ku ɗauko direban da ya taka totur: tafin hannunsa na gumi a kan sitiyari, rurin inji na ratsa kujera har cikin ƙashinsa, zuciya na bugawa. Wasu daga cikin alamomin da jiki ke bayarwa na tsoro da na sha'awa, kamar bugun zuciya da saurin numfashi, kusan ɗaya ne.

Yaya abin ke zama hali? Tun 1887 Alfred Binet, Bafaranshe, ya ce wani abu ne ke haɗuwa da sha'awar mutum ta farko ya manne mata. A 1966 Stanley Rachman ya gwada a Landan: ya riƙa nuna wa maza hoton takalman mata masu tsawo, ya biyo da hoton da ke tayar da sha'awa. Da aka maimaita isasshe, takalman kaɗai suka isa. Mota kuwa ɗaki ce mai ƙofa da makulli, tana da ƙamshinta na kujera da fetur, kuma a cikinta matasa da yawa suka fara samun kaɗaici daga idon manya.

Kada a haɗa wannan da mai sayen mota don a gan shi. A 2009 Gad Saad ya auna samari, sinadarin mazakutarsu ya ƙaru bayan sun tuƙa Porsche. Shi mai sayen don a gan shi mutane yake nema, motar ado ce kawai.

Shin cuta ce? Kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka na 2013 ya raba sha'awar da ba a saba gani ba da wadda ta zama cuta. Sai ta ɗauki aƙalla wata shida, tana kuma jefa mai ita cikin ƙunci ko tana ɓata masa aiki da zaman iyali, kafin a kira ta cuta. Wannan ma'aunin asibiti ne, addini da al'ada suna da nasu. Don haka likita ba ya fara tambaya da motar. Yana tambayar ko mutumin na da wanda yake zama su yi hira, ko matarsa na kuka da shi, ko yana gudu a titi don neman wannan jin daɗin, domin a nan rayukan wasu sun shigo ciki.

Malam na can baya, tun ɗazu hannunka na sama. Bismillah.