Wanda ya yi waƙar fa, ina nasa kason?

Jama'a masu sauraro, kwanakin nan duk inda masu gidajen rediyo suka haɗu kukan ɗaya ne, wai kasuwa ta mutu, talla ta ragu, man gas ya yi tsada, yara sun koma TikTok da YouTube. To mun ji. Amma akwai kuɗin da ban taɓa jin an sako shi a lissafin nan ba, kuɗin mawaƙin da ake saka waƙarsa tun daga buɗe tasha har a rufe, kuma wallahi shi ne abin da yake ci min rai.

Gidan rediyo yana biyan mai gas, yana biyan kuɗin wuta, yana biyan NBC, hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin a Najeriya, kuɗin lasisi tunda ya san in bai biya ba rufe shi za a yi, mai gadi ma ana ba shi nasa ko da a makare ne. Sai waƙa, wadda ita ce take riƙe mai sauraro har a zo kan talla, ita kaɗai aka mayar kamar ruwan sama kowa ya tara bokitinsa. Mutum ya biya situdiyo, ya biya mai kiɗa, ya sallami 'yan amshi, wani ma da bashi ya yi, sannan wani can ya ɗauka ya jera talla gaba da baya ya karɓi kuɗinsa, shi mai waƙar ko sisi. Wannan cin haƙƙi ne, ba shi da wani suna.

Kuma fa ba wai babu doka ba. Tun dokar haƙƙin mallaka ta 1988 watsa waƙar mutum a rediyo sai da izininsa, sabuwar da Buhari ya sa wa hannu a 2023 ma haka ta ce. Akwai ƙungiyoyin da aka kafa don karɓar kuɗin, irin su MCSN da COSON. Da COSON ta matsa lallai sai an biya me ya faru? A ƙarshen 2013 ƙungiyoyin masu gidajen, BON da IBAN, suka ce to sun daina saka waƙoƙin 'ya'yan COSON, wato ka nemi haƙƙinka sai a hora ka, sai a 2014 aka zauna aka sa hannu a yarjejeniya. Su ma ƙungiyoyin karɓar ban wanke su ba, shekaru suka ɓata suna maka juna a kotu kan wa ke da ikon karɓa, ga shi kuma hukumar haƙƙin mallaka ta dakatar da lasisin COSON a 2018. Amma rigimarsu ba ta yafe wa kowa bashi ba.

Kullum amsar ita ce, ai tallata su muke yi. Haba Alhaji! Dankwairo ya rasu tun 1991, Shata a 1999, Dan Maraya Jos a 2015, wace talla kake yi musu, wane biki za a gayyace su? Sun bar iyali, kuma doka ta ce haƙƙin waƙa yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Na raye kuwa, ƙaramin mawaƙi sau da yawa sai ya ba da na goro kafin a saka waƙarsa, ka ga shi ne ma yake biya. In tallar ce biyan, a gwada cewa mai gas a tallata shi zai yi ya bar kuɗinsa.

Kwaɗayin nan ɗaya ne kuma yake kashe rediyon kanta. Da aka buɗe ƙofa ga masu zaman kansu a 1992, Raypower ta fara a 1994, Freedom ta zo Kano a 2003, mutane murna suka yi don sun samu zaɓi. Yanzu murɗa akwatinka ka ji, fili bayan fili an sayar, wannan sojan baka ne yana zagin wancan, wancan mai maganin basir ne, kowa da kuɗinsa ya sayi minti talatin ya faɗi abin da ya ga dama, ma'aikaci mai basira kuma yana bin albashi. Yaron da yake da waƙa ɗari biyu a waya me zai zaunar da shi? A Amurka an yi irin wannan, bayan dokar 1996 da ta sassauta ƙa'idar yawan tashoshin da kamfani ɗaya zai iya mallaka, kamfanin Clear Channel ya haɗiye tashoshi sama da 1,200, aka rage ma'aikata, gari da gari waƙoƙi iri ɗaya, a 2018, lokacin ya koma sunan iHeartMedia, ya je kotu ya ce ya karye da bashin wajen dala biliyan 20, kuma har yau tashoshin AM da FM na can marubucin waƙa suke biya ban da mai rerawa.

Abin da nake nema ba shi da wuya. Kowace tasha ta ajiye rajistar duk waƙar da ta saka, sunan mai ita da lokacin, kwamfutar da ke situdiyo ma tana iya yi. NBC kuma kar ta sabunta lasisin kowa sai ya nuna rasit ɗin biyan mawaƙa, yadda yake nuna na sauran kuɗaɗe. Ku kuma mawaƙan Arewa ku yi rajistar waƙoƙinku, ku je da takarda ku tambayi nawa aka karɓa da sunanku.