Ciwon Ɓarin Kai: Kwana Nawa Kuke Shan Magani a Wata?

Tambayar da kuka fi aiko mana daga Yamai ita ce: me ya sa ciwon ɓarin kai yake ƙaruwa alhali mutum bai fasa shan magani ba?

Ciwon da muke nufi shi ne mai sara a gefe ɗaya, mai zuwa da tashin zuciya da ƙin haske, wanda yakan ɗauki awa 4 zuwa 72. Da ya taso, babban mutum yakan sha parasitamol miligiram 1000 ko ibuprofen 400, likita kuma yakan ƙara metoclopramide saboda amai. Idan sun kasa akwai sumatriptan, sai dai ba a ba mai ciwon zuciya. Mai juna biyu kada ta taɓa ibuprofen sai da izinin likita.

To, ga inda ake ruɗewa. Ku samu kalanda. Kwana ake ƙirgawa, ba ƙwaya ba: duk ranar da kuka haɗiyi magani, ko ƙwaya ɗaya ce, ku yi mata alama. Idan alamomin sun kai 15 a wata ga parasitamol ko ibuprofen, ko 10 kacal ga sumatriptan da tramadol da ƙwayoyin da aka haɗa da kafeyin, kuma aka wuce wata 3 a haka, maganin da kansa yana iya zama mai jawo ciwon. Mutum ya wayi gari kai ya yi nauyi, ya sha, ya lafa, kafin la'asar ya dawo. Mai tallan magani a tire ba zai faɗa muku wannan ba, domin ku ne kasuwarsa. Tramadol kuwa, a ganina, ba shi da gurbi a wannan ciwo ko kaɗan.

Ku kai kalandar CSI, wato cibiyar kiwon lafiya ta unguwarku. Idan aka ce ku daina ƙwayoyin, ciwon yakan tsananta mako ɗaya ko biyu kafin ya sassauta, kuma a nan mutane da yawa suke karaya. Likita na iya rubuta maganin rigakafi da ake sha kullum, da ciwo ko babu, kamar propranolol, wanda ba a ba mai asma, ko amitriptyline da dare. Sai an ba shi wata 2 zuwa 3, kuma idan kwanakin ciwon sun ragu da rabi, ya yi aiki.

Ciwon kai da ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko wanda ya faɗo farat ɗaya da tsananin da ba ku taɓa ji ba, ba ya jiran kalanda, a tafi asibiti nan take.