Kafin ka sayi kyamara, ƙirga Lahadin da ke cikin shekara

Wannan lacca ce da aka gabatar wa matasa masu sha'awar harkar bidiyo da sauti a Nima, cikin birnin Accra. An rubuto ta daga rikodin, an rage maimaici.

Assalamu alaikum. Iyayenmu da malamanmu da ke zaune a gaba, a gafarce ni, yau da ƙannena zan yi magana.

Na san da yawanku kun riga kun zaɓi kyamarar da kuke so, kun san sunanta da lambarta, wasu ma sun je Circle ko Zongo Lane sun taya. Wasu kuma sifiku ne a ransu, su zama 'yan sipina, wato masu kunna kiɗa a taro, a riƙa ɗaukarsu biki. Sha'awar nan ba laifi ba ce, ita ce ke sa mutum ya kwana yana gyaran bidiyo bai gaji ba. Amma mai sha'awa da kaya yake fara lissafi, ɗan kasuwa kuwa da mai biya yake farawa. To wa zai biya ku, kuma sau nawa a shekara?

Mu ɗauki kalanda. A zangonninmu, daga Nima da Maamobi har Fadama da Madina da Sabon Zango, yawancin aure ranar Lahadi ake ɗaura shi. Lahadi 52 ne a shekara, ba za su ƙaru don kun ci bashi ba. Cire huɗu na watan azumi, domin ba mai kawo amarya ana tafsiri. Saura 48. Sannan a nan Accra akwai dokar da masarautar Ga ke sawa kowace shekara kafin bikin Homowo, ta hana kiɗa da hayaniya kusan wata guda, tsakanin Mayu da Yuni. Mai kyamara zai iya lallaɓawa a lokacin, amma mai hayar sifika sai ya rufe kayansa da tamfol. Kuma daidai lokacin ne ruwan sama ya fi ƙarfi. Saura 44. Cikin 44 ɗin nan ma ba a baje suke ba: ana dab da azumi da kuma bayan Sallah aure ke cunkushewa, sai ka samu kira uku a Lahadi ɗaya, kai kuma jiki ɗaya gare ka da kyamara ɗaya. Biyu sun tafi wurin wani.

Yanzu mu ƙaddara, lissafi ne kawai na allo, kowa ya sa nasa adadin. A ce sabon shiga ya samu aiki ɗaya cikin kowace Lahadi uku, wato kamar 15 a shekara. A ce kyamara da gilashinta da makirfo da fitila da kwamfutar gyara sun ci masa sidi 30,000. A ce yana karɓar 1,500 a kowane biki. Yaron da zai riƙe masa fitila zai ci nasa, akwai kuɗin mota don ba a shiga trotro, motar haya ta jama'a, da irin wannan kaya, akwai data, akwai filas ɗin da zai zuba wa amarya aikin. In waɗannan sun ci 600, saura 900. Sau 15, ya kama 13,500. Ke nan sai ya haura shekara biyu kafin kuɗin kaya su dawo, kuma wannan in bai taɓa ko pesewa ɗaya ya sayi waakye ba. Kafin lokacin batir ya gaji, an fito da sabuwar kyamara, amare sun fara tambaya ko kana da jirgi marar matuƙi.

Ga abin da ya fi damuna a wannan sana'a: da dala ake sayen kaya, da sidi ake biyan aiki. Ku tuna 2022. A farkon shekarar dala ɗaya sidi 6 ce da 'yan kai, kafin ƙarshen Nuwamba ta haura 13. A Disamba hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari. Wanda gilashin kyamararsa ya fashe a wannan shekara ya tarar da kuɗinsa ya ninka, amma uwar amarya ba ta ninka abin da take bayarwa ba, ragi ma take nema don shinkafa ta yi tsada. Saboda haka duk aikin da ka yi, ware wani abu na gyara da canjin kaya kafin ka kira sauran riba.

Sannan ku dubi waɗanda suka riga ku. Da kaset ɗin VHS ake ɗaukar biki, aka koma faifan VCD, aka koma DVD, aka koma filas, yanzu da yawa ta WhatsApp kawai suke so a turo musu. Ina masu shagon buga faifai? Injinansu na nan suna shan ƙura. Yau kuma abokin gasarku ba mai kyamara ba ne, ƙanwar amarya ce da wayarta, wadda kafin ka naɗe wayoyinka ta riga ta saka a TikTok. In abin da za ka sayar hoto ne kawai mai motsi, ta riga ka, kuma kyauta.

Abin da wayarta ba ta iyawa shi ne sauti. A nan nake so ku tsaya. Ku buɗe bidiyon ɗaurin aure goma da aka ɗauka da waya, za ku ga liman yana motsa baki, abin da ke shiga kunne kuwa kukan janareta ne da hirar mata da ƙarar fanka. Ba a jin sadaki nawa ne, ba a jin waliyyi ya ce ya bayar. Alhali wannan minti biyar ɗin shi ne auren. Ƙaramin makirfo da ake maƙala wa liman a wuyan riga, da 'yar na'urar da za ka jona kai tsaye a jikin miksa, ba su kai kuɗin gilashin kyamara ɗaya mai kyau ba, amma su ne ke raba aikinka da na 'yan kallo. Mutum na iya jure hoto mai ɗan duhu, amma in ba ya jin magana, rufewa zai yi. Kuma mai sauti mai kyau ba ya zaman banza da azumi, domin ga tafsiri a masallatai, ga maulidi, ga walimar sauka. Sai dai in gaya muku gaskiya, yawancin aikin masallaci da "Allah Ya saka da alheri" ake biyansa. Ku yi shi don lada da kuma don a san ku, kada ku sa shi cikin lissafin biyan bashi.

Wani mai biya da ba ku cika tunawa da shi ba yana Bronx ko Hamburg. Ƙanwarsa ake aurarwa, ko addu'ar arba'in ta mahaifinsa ake yi, takardu ba su bar shi ya zo ba. Wannan mutumin zai biya a haska masa taron kai tsaye, kuma ba ya ciniki irin na gida. Amma in intanet ta yanke ana tsakiyar fatiha, ba zai sake kiranka ba. Layi biyu na kamfani daban-daban, da batir mai riƙe komai in an ɗauke wuta. Wanda ya ga dumsor, wato yawan ɗauke wuta na 2015, ba sai an yi masa bayani ba.

To me za ku yi? Kada ku sayi komai tukuna. Ku yi hayar kyamara na yini, ku yi aiki biyar ko shida, ku rubuta kowace pesewa da ta shiga da wadda ta fita, har da awowin da gyara ya ci, don bikin yini ɗaya na iya cin kwana biyu ko uku a gaban kwamfuta. In a cikin ayyukan nan babu ko mutum ɗaya da ba ɗan uwanka ba, ba abokinka ba, da ya turo kafin alƙalami ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, to ba ka samu kasuwa ba tukuna, masoya ka samu.

Takardu ba su da wuya: rijistar sunan kasuwanci, lambar Ghana Card, katin ɗan ƙasa, ita ce lambar harajinka tun 2021, sai izinin asambili, wato majalisar ƙaramar hukuma. Jirgi marar matuƙi sai da rijistar hukumar jiragen sama. Mai kunna waƙoƙin mutane a taro ya san akwai GHAMRO, ƙungiyar da ke karɓar wa mawaƙa kuɗin haƙƙin waƙoƙinsu, kuma Facebook da YouTube na iya kashe sautin bidiyonka saboda waƙar da ba taka ba. Masu mafarkin kuɗin talla a YouTube, sai kun tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12.

Wani a baya can yana tambaya, in gwaggonsa ce ta kira shi fa? Ɗan'uwa, ba a ce wa gwaggo a'a, mun sani. Ka ce mata, "Hajiya, aikin hannuna kyauta ne, amma kyamarar haya ce, mai ita yana son kuɗinsa ranar Asabar." Wannan ma wani amfanin haya ne. Ga sauran masu biki kuwa, rabin kuɗi kafin biki, rabi kafin ka miƙa filas, domin da zarar an kai amarya ɗakinta, wayar ango ba ta ƙara shiga.