Sharhi: Yadda kuɗin ciyar da 'ya'ya ke ƙafewa bayan saki

Masu saurare, assalamu alaikum. Yau za mu duba nafaƙar 'ya'ya bayan mutuwar aure a tsakanin Hausawanmu na Makka da Madina da Jidda.

Da wuya ka ji uba ya buɗe baki ya ce ba zai ciyar da 'ya'yansa ba. Abin sannu a hankali yake zuwa. Watannin farko bayan saki kuɗi na isowa cif, har da buhun shinkafa, domin idon dattawan da suka zauna kan maganar yana kansa. Daga nan ranar biya ta soma ja da baya, daga farkon wata ta koma tsakiya. In riyal dubu aka yi da shi, sai a ga ɗari bakwai, wai ciko na tafe. Can kuma sai uwar yara ta buga waya sau uku kafin a turo. Ƙarshenta abin ya koma kayan sallah da ɗan abin buɗe-baki a azumi, shi kuma a ransa yana ganin yana yi.

Babban abin da ke kawo haka shi ne sabon aure. Haya ta zama biyu, ga jarirai, yaran da ke gabansa su ne kukansu ke shiga kunnensa. Wanda ke zaune da igama, wato takardar izinin zama, kuma yana biyan riyal 400 duk wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsa, tun daga Yulin 2020. Sai yankewar zumunci. Uban da ke ɗaukar 'ya'yansa ran Juma'a yana ganin takalmin da ya tsinke da idonsa, wanda ya shekara bai gan su ba kuwa lissafi kawai ake kawo masa. Uwar da ke hana ziyara don ta rama, ta sani aljihun 'ya'yanta take ɓulawa. Akwai kuma masu zaton in tsohuwar matar ta yi aure, ciyarwa ta koma kan sabon mijinta. Wannan kuskure ne. Agola ba nauyin mijin uwarsa ba ne, a shari'a da doka duka.

Dokar iyali ta Saudiyya da ta fara aiki a 2022 ta ɗora nafaƙar yaro a kan uba har namiji ya kai iya neman na kansa, mace kuma har ta yi aure. Ta ƙunshi abinci da sutura da wurin kwana da sauran buƙatun yau da kullum, alƙali kuma yana duba ƙarfin uban da halin yaran kafin ya yanka.

To ga inda mata da yawa ke tafka asara. In uba mai hali ya daina biya, uwa ta ci gaba da ciyarwa daga aljihunta da niyyar a biya ta, wannan bashi ne a kansa. Amma kotu ba ta sauraron neman abin da ya wuce shekara ɗaya kafin ranar shigar da ƙara. Matar da ta yi kara shekara huɗu, tana jin kunyar a ce ta kai uban 'ya'yanta gaban alƙali, na shekara uku ya bi ruwa ke nan. Kawunnai da gwaggonnin da ke cewa "ki ƙara haƙuri, 'yata" ba su san kuɗi suke sa ta yafewa ba.

Don haka tun ranar da ake zaman rabuwa ya kamata a rubuta komai: nawa ne, ran nawa ga wata, ta wace hanya, wa zai biya makaranta da asibiti, yaushe uba zai ɗauki yara. Takardar da aka rubuta a majalisar dattawa tana da amfani a matsayin shaida, amma sulhun da aka yi ta dandalin Taradhi na ma'aikatar shari'a ya fi ta ƙarfi, domin ana iya kai shi kotun zartar da hukunci kai tsaye ba sai an sake shari'a ba. In sulhu ya ƙi, ana shigar da ƙara ta Najiz, dandalin intanet na kotuna. Kuɗi kuma su bi ta banki. Wanda aka damƙa wa yaro a ambulan ya kai wa uwarsa ba ya barin sawu, gobe uba ya ce ya bayar, uwa ta ce ba ta gani ba, babu mai raba su.

In hukunci ya fito uba ya yi kunnen ƙashi, sai a kai maganar kotun zartarwa. Daga nan ana iya hana shi fita ƙasa, a taɓa asusunsa. Doka ta yarda a yanke har rabin albashi saboda nafaƙa, alhali sauran basussuka kashi ɗaya cikin uku ne iyakarsu. Akwai kuma Asusun Nafaƙa da gwamnati ta amince da kafa shi a 2017, wanda ke biyan mai hukunci a hannu bisa sharuɗɗansa, sannan ya bi uban bashi.

Uban da aiki ya kuɓuce masa shi ma yana da ƙofa. Zai iya neman a rage, kamar yadda uwa za ta iya neman ƙari in yara sun girma, sai dai ba a sauraron wannan kafin shekara ta cika da hukunci, in ba da wani dalili na musamman ba. Neman ragi ya fi ɓuya, domin bashin na taruwa.

Duk wannan ya fi kama mai albashi. Da yawa daga mazanmu kuwa samunsu na lokacin Umarar azumi ne da aikin Hajji, sauran watanni sai lallaɓawa. Irin wannan in aka yanka masa adadi mai nauyi kowane wata, a wata na uku zai karye. Gara a sa kaɗan da zai iya duk wata, a ware kaso mai tsoka bayan azumi da bayan Hajji don haya da makaranta, a rubuta shi haka.

Wanda aka kwashe zuwa Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a kora daga ƙasar, aka mayar Kano ko Yamai, hannun kotun nan ba ya kai masa cikin sauƙi. Auren da ba a yi masa rajista ba kuma, sai an fara tabbatar da shi da nasabar yaran kafin a zo maganar kuɗi. A irin wannan hali, a sa yayan uban ko ƙaninsa da ke zaune a nan ya sa hannu a takardar sulhu a matsayin mai lamuni, a gaban shaidu biyu, tun uban yana gari.