Kowane Tsuntsu Kukan Gidansu Yake Yi: Hira Kan Magana a Wurin Aiki

Bashir: Assalamu alaikum, masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ina tare da Hajiya Rabi, wadda ta daɗe tana shugabantar makaranta kafin ta yi ritaya, da kuma ƙanwarmu Sadiya, wadda ita ce ta jawo mana wannan batu da wani abu da ya same ta a ofis.

Sadiya: Wa alaikumus salam. Gaskiya abin da kunya, Malam Bashir, amma zan faɗa. An ce in gabatar da rahoton wata uku a gaban shugabanninmu, sai na kwana biyu ina sauraron jawaban marigayi Ɗanmasanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, ina kwaikwayon yadda yake ɗaga murya ya sauke, da yadda yake jero addu'a da karin magana. Ranar taron na miƙe na buɗe da take kamar mai jawabi a filin taro, alhali mu tara ne kacal a kewayen teburi ɗaya. Ban kai ga alƙaluman ba sai da makogwarona ya bushe, kuma ina zaunawa akantanmu ya matso ya tambaye ni a hankali ko lafiya nake.

Hajiya Rabi: Ayya, 'yata, ai rigar aro kika sa, kuma ta yi miki yawa. Ɗanmasani mutum ne da aka tura ya wakilci Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, bayan ya shafe shekaru yana magana a majalisa da dandalin siyasa, saboda haka muryarsa ta babban fili ce. Abin da mutane ke mantawa shi ne, manyan masu maganar da muke tinƙaho da su ba su yi kama da juna ba ko kaɗan. Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ake yi wa laƙabi da mai muryar zinariya, a nutse yake magana, yana auna kowace kalma, kuma da wannan nutsuwar ya yi jawabin 'yancin kai ranar 1 ga Oktoba 1960. Malam Aminu Kano kuwa da Hausar kasuwa yake zuwa, da raha da misalin da talaka zai ɗauka ya tafi da shi gida. Da ɗayansu ya ce sai ya zama ɗayan, da mun yi asarar duka biyun.

Bashir: Akwai abu ɗaya da ya haɗa su ukun, Hajiya, wanda ya kamata ya faranta miki rai: dukansu malaman makaranta ne kafin siyasa.

Hajiya Rabi: Ƙwarai kuwa, har ma Ɓalewa da Aminu sun koyar a makarantar Midil ta Bauchi. Aji ba ya rufa wa malami asiri, domin idan ka yi maganar da ba taka ba, yara za su fara hamma kafin ka juya ga allo. A can mutum yake gane abin da bakinsa ya iya.

Sadiya: To, Hajiya, wanda ba shi da aji fa, ta yaya zai gane nasa salon?

Hajiya Rabi: Bari in tambaye ki. A ina ne kike magana mutane su yi tsit ba tare da kin shirya komai ba?

Sadiya: Idan aka samu saɓani tsakanin ƙannena, ni ake kira. Nakan zaunar da su, in ce kowa ya faɗi nasa, sannan in warware musu abin daki-daki, daga inda ya faro har inda ya tsaya.

Hajiya Rabi: To ai kin ba kanki amsa. Ke mai warwara ce, ba mai tada tsimi ba, kuma rahoton wata uku ba abin da yake bukata sai mai warwara. Da kin zauna kin ce ga abin da ya shigo, ga abin da ya fita, ga inda giɓin yake, da muryar da kike yi wa ƙannenki sulhu, da an tashi taron ana yaba miki.

Bashir: Ni dai ina da ja a nan. Kada wani ya ji wannan ya ce shi haka Allah Ya yi shi, ya ci gaba da cinye ƙarshen kalmomi yana magana ƙasa-ƙasa. Na taɓa ɗaukar muryata a waya na minti uku ina bayanin wani aiki, da na saurara sai na tarar na ce "ka gane" har ta fi bayanin yawa. Wannan ba salo ba ne, tsatsa ce, kuma kankare ta ake yi. Abin da na koya shi ne in yi shiru na ɗan lokaci a duk inda bakina ke son cusa ta, kuma abin mamaki, shirun ya sa aka fi saurarena.

Hajiya Rabi: Ban musa ba. Wuƙa ake wasawa, amma ba a mayar da ita lauje. Ko Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da aka aike shi wurin Fir'auna, ya roƙi Allah a cikin Suratu Ɗaha Ya warware masa ƙullin harshensa domin a fahimci maganarsa. Fahimta ya roƙa. Ya kuma yarda cewa ɗan'uwansa Haruna ya fi shi fasahar harshe, ya nemi a haɗa su, amma duk da haka bai ajiye saƙon ba.

Sadiya: Akwai wani abu da ke damuna. Masu horar da ma'aikata suna cewa lallai a kalli mutane cikin ido, ni kuwa an raine ni a kan sunkuyar da kai a gaban manya. Shugaban sashenmu sa'an mahaifina ne.

Hajiya Rabi: Wannan shawarar daga wata al'ada ta zo, kuma idan kika ƙura wa dattijon ido za ki iya zama marar kunya a wurinsa, ko da bai faɗa ba. Amma idan kika dunƙufar da kai gaba ɗaya, muryarki teburi za ta riƙa bugu, na ƙarshen ɗaki ba zai ji ki ba. Abin da na riƙa yi a gaban sufetocin ilimi shi ne in ɗaga haɓa, in bar idona yana yawo tsakanin takarda da allo da fuskokin jama'a, in ɗan tsaya kan babba lokacin da nake gaishe shi da lokacin da nake amsa tambayarsa kawai.

Bashir: Yaushe ne rahotonki na gaba, Sadiya?

Sadiya: Saura mako biyar. Daren yau zan sa ƙanwata ta zauna a matsayin akanta, in karanta mata alƙaluman a zaune, waya tana ɗauka.

Hajiya Rabi: Ki turo mini in ji, amma ki cire karin maganar tukuna. Idan ɗaya ta zo da kanta a tsakiyar bayani, ki bar ta.